Wa ya haƙa magudanan ruwan Jazira?

Duk sanda aka tada maganar gonakin Jazira na Sudan sai ka ji ana ta yabon injiniyoyin Turawa, wai sun tare kogin Shuɗin Nilu a Sinnar a 1925 sun kora ruwa cikin fili ba famfo ba inji, gangara kawai ke kai shi. Gaskiya ne, aiki ne na ban mamaki, yau filin ya haura eka miliyan 2 in ka haɗa da gonakin Manaƙil da aka ƙara daga baya. Amma ni abin da ke ci min rai shi ne ba a cika faɗin su wa suka yi ta shiga laka ba.

Da yawansu namu ne fa. Hausawa, Fulani, Barebari, waɗanda can ake musu kuɗin goro da Fallata ko Takari. Wasu alhazai ne da suka taso a ƙafa, guzuri ya ƙare a hanya suka ce bari mu yi ƙwadago shekara ɗaya mu wuce Makka, shekarar ta zama goma, aka yi aure aka hayayyafa shikenan. Wasu kuma jikokin waɗanda suka yi hijira ne bayan yaƙin Burmi na 1903, garin Mai Wurno ma ai ɗan Sarkin Musulmi Attahiru ne ya kafa shi, yana nan kusa da Sinnar.

Magudana kuma ba a gama ta ranar da aka buɗe. Nilu laka yake kwasowa daga tsaunukan Habasha, dole kullum a yashe, a cire ciyawa, mutum tsaye cikin ruwa har gwiwa yana ɗiban tsargiya ga sauro da dare. Audugar da ake nomawa kuwa, a zamanin Turawa a loda ta sai masaƙun Ingila.

To abin haushin, mafi yawan leburorin nan ba su samu hawasha ba, wato gonar da ake yanka wa manomi. Su da 'yan'uwansu na Darfur da Chadi aka bar su a kambo, ƙauyukan bukkoki a gefen magudana, wasu ba makaranta ba asibiti, ruwan da suke yashewa shi suke sha. Mutum kakansa a nan aka binne shi amma har yau in rikici ya tashi a ce masa baƙo, haba jama'a.