Samari Ku Bar Kwafe-Kwafe, Ku Koyi JavaScript Daga Tushe

Salamu alaikum ƙannena masu son harkar gina shafukan intanet, musamman ku ƴan fada da ɗaliban jami'ar Dan Dicko Dankoulodo. Magana ce zan faɗa muku ko da ba za ta yi daɗi ba.

Kwanaki wani yaro ya zo min da odinatarsa hankali tashe, wai ya yi wa wani ɗan kasuwa shafin lissafin kaya, an sa 5000 an ƙara 2000 sai shafin ya fito da 50002000, Alhaji ya ce ko so yake ya karya shi. Na tambaye shi wa ya rubuta layin nan, ya yi shiru. Kwafowa ya yi ya manna. To ai duk abin da mutum ya buga cikin akwatin shafi, JavaScript, wato harshen da ake ba shafi umarni da shi, rubutu yake ɗaukarsa ba lamba ba, kuma alamar + in ta samu rubutu biyu liƙa su take yi kawai, sai ka bi da shi ta Number() kafin ya zama lissafi. Abin mamakin ma "5" - 2 zai ba ka 3 amma "5" + 2 ya ba ka 52. Karatun satin farko ne wannan fa, amma yaron nan wata shida yana cewa shi React yake yi.

React ɗin da kuke rububi, kayan aiki ne na haɗa fuskar shafi, Facebook suka fito da shi a 2013, kuma da JavaScript aka gina shi, wanda Brendan Eich ya ƙirƙira tun 1995 a kamfanin Netscape. Ka ga kenan ka hau katanga ba ka haƙa tushe ba.

Don Allah ku zauna ku san ma'ajiyar bayani, let da const, ku san if mai duba sharaɗi, ku san yadda for ke maimaita aiki, ku rubuta da yatsunku ko zai lalace sau goma. Jan rubutun nan da ke fitowa in an yi kuskure ku riƙa karanta shi, har lambar layin yake gaya muku, amma ku sai ku rufe da sauri kamar kun ga maciji.

Kuma kar wanda ya ce min ba rezo ko ba kuɗin mega. Buɗe Chrome, danna F12, shiga Console inda za ka rubuta JavaScript ka gwada, ba ya buƙatar intanet ko kaɗan. In kuran ya tafi ɗauki kaye da biro ka bi layukan ɗaya bayan ɗaya, ni haka na yi. Yaron nan dai na sa shi ya goge duka, jibi zai kawo min nashi.