Agogo da wuƙar aljihu sha'awa ce, ku daina ce mata jari

Wai mutumin nan da ya ishe mu da "ku sayi agogo, agogo ba ya faɗuwa" shi ne yanzu yake neman mai karɓar nasa ko da da asara, har yana fushi da masu tayawa wai sun raina masa kaya. To su raina mana! Ai ba su suka taya ba, kasuwa ce ta taya. Ni asararsa ba ta dame ni ba, Allah ya mayar masa da alheri, yaran da suka bi maganarsa suka kwashe ɗan abin da suka tara suka zuba a agogo su nake tausayi.

Tara agogo sha'awa ce. Tara wuƙaƙen aljihu sha'awa ce. Ba jari ba ne, ko sau nawa za ku maimaita.

Kowa ya ga yadda aka yi. A 2021 kamfanin agogo na Patek Philippe suka daina ƙera Nautilus 5711 na ƙarfe, agogon da kamfani ke sayarwa dala dubu talatin da 'yan kai ya haura dubu ɗari a hannun 'yan kasuwa, farashin agogunan Rolex da Audemars Piguet ma ya bi sahu, kowa ya zama masani dare ɗaya. Farkon 2022 abin ya kai ƙololuwa, sai kuɗin kirifto ya rushe, bankuna suka ɗaga kuɗin ruwa, farashi ya dinga gangarowa wata bayan wata, masanan namu kuma suka yi tsit kamar ruwa ya ci su.

Na san yanzu wani zai taso min da agogon Rolex Daytona na ɗan fim ɗin Amurka Paul Newman da aka sayar dala miliyan 17.8 a 2017. Malam, sunan mutumin aka saya, matarsa ce ta ba shi da rubutunta a bayan agogon. Kai wa ya san ka? Rolex na fitar da kusan agogo miliyan ɗaya duk shekara, naka ɗaya ne a cikinsu. Wani kuma zai ce ai nasa ya ƙara kuɗi. To sayar mu gani. Cire ribar dila, cire kuɗin sabis, in gidan gwanjo ne akwai sama da kashi 20 da ake ɗora wa mai saye kuma daga tayin da zai yi maka zai rage shi, in ka yar da kwali da takardu an sake zaftare maka, in ka kai an goge ƙarzuna a ce ka ɓata asalinsa. Me ya rage?

Na wuƙa ma ya fi ban dariya. Victorinox tun 1884 suke aiki a Suwizalan, kullum sai sun fitar da dubun-dubatar wuƙaƙe, duk shekara su canja launin ƙota su ce ƙayyadaddiya ce, ku kuma ku ruga. Kuma ranar da ka wasa ta ko ka yanka igiya da ita darajarta ta sauka a wajen masu tarawa, don haka sai a kulle ta a kwali ana leƙawa. Wuƙar da ake tsoron yanka da ita, dan Allah mene ne sunanta?

Kar a ɗauka ƙin abin nake. Wallahi ina son sa. Ka kara agogon da babu batiri a kunne ka ji yana bugawa sau 28,800 a awa, siririn ƙarfe ne kawai a naɗe yake tura komai, ko ka lura da ɗigo-ɗigon da kamfanin Case ke bugawa a gindin wuƙa tun 1970 don a gane shekararta, akwai daɗi a nan wanda ba ya buƙatar riba. Saya da kuɗin da ba za ka yi kuka ba in sun tafi, ka ɗaura, ka yanka, ya ƙarje.

Af, tunda an zo maganar wuƙa, bayan harin 11 ga Satumba 2001 da aka hana shiga jirgi da ita cinikin kamfanonin Suwizalan ya faɗi sosai, har Victorinox ta sayi abokin hamayyarta, kamfanin wuƙa na Wenger, a 2005. Kuma waɗanda ake karɓewa a filayen jirgin Amurka, wasu jihohi tattarawa suke su yi gwanjonsu da yawa a lokaci guda. In za ku hau jirgi, ku dinga sa taku a babbar jakar da ake aunawa, ba ta hannu ba.