Fuskar da ke cikin sitikarka ta wani bawan Allah ce

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

'Yan'uwa, tun da WhatsApp ya shigo da sitika a shekarar 2018, salon hirarmu ya sauya ta yadda mutum zai iya wuni yana magana a zaure ba tare da ya rubuta kalma goma ba, sai dai ya yi ta jefa fuskokin mutane. Wasu daga cikin fuskokin nan zane ne, wasu na 'yan wasan barkwanci ne da suka zaɓi ba da dariya a matsayin sana'a. Amma da yawa daga cikinsu na bayin Allah ne da ba su san an ɗauke su ba, ko kuma an ɗauke su a ranar da ta fi kowace rana muni a rayuwarsu.

Da kaina zan fara. Akwai sitikar wani dattijo da na shafe watanni ina turawa: hularsa ta karkace, ya ɗora hannuwa biyu a ka, bakinsa a buɗe, an rubuta "na shiga uku" a ƙasa. Idan ƙungiyar ƙwallon wani abokina ta sha kashi, ita nake tura masa, haka idan an ƙara kuɗin fetur. Wata rana bayan sallar isha'i sai na ci karo da cikakken bidiyon da aka yanko ta. Ashe a gaban shagonsa yake tsaye bayan gobara ta cinye shi, hayaƙi bai ma gama tashi ba, yana faɗa wa mai ɗauka cewa yawancin kayan bashi ya karɓo. Daidai lokacin da muryarsa ta karye ya ɗora hannu a ka, nan wani ya tsayar da hoton ya yanka. Na daɗe riƙe da wayar ban iya ajiye ta ba.

Allah Maɗaukaki ya ce a Suratul Hujurat, aya ta 11, kada wasu mutane su yi wa wasu izgili, mai yiwuwa waɗanda ake yi wa su fi masu yin alheri. Sannan ya maimaita hanin ga mata su kaɗai, ya hana aibata juna da jifan juna da munanan laƙabobi. Dalilin da ayar ta kawo shi ya kamata ya tsorata mu, domin ba mu san matsayin wanda muke yi wa dariya a wurin Ubangijinsa ba. Imamu Ahmad ya ruwaito cewa Abdullahi ɗan Mas'ud, Allah ya ƙara masa yarda, ya hau bishiya zai tsinko asuwaki, kuma shi mai siraran ƙwauri ne, sai iska ta riƙa kaɗa shi, mutane suka yi dariya. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya tambaye su abin da ya ba su dariya, suka ce sirantar ƙwaurinsa. Sai ya rantse da wanda ransa ke hannunsa cewa ƙwaurin nan biyu sun fi dutsen Uhudu nauyi a mizani. Waɗannan fa sahabbai ne, dariyar ta zo musu ba shiri, kuma a nan gindin bishiyar ta ƙare, duk da haka bai bar ta ta wuce ba. Ina kuma ga mu da za mu ɗauka, mu yanka, mu ɗora kiɗa, mu ajiye a waya domin gobe?

A TikTok kuwa muryar mutum ake cirewa. Tsohuwa ta yi tuntuɓen harshe a wata hira, ko baƙauye ya faɗi kalmar Turanci a karkace, ko mai i'ina ya maƙale a tsakiyar zance, kafin kwana biyu muryar ta zama abin yayi, samari da 'yan mata har da matan aure suna motsa baki a kanta suna karya wuya. Abu Dawud da Tirmizi sun ruwaito cewa Nana A'isha ta yi magana a kan gajartar Nana Safiyya, Allah ya ƙara musu yarda, sai Annabi ya ce mata ta faɗi kalmar da in an cakuɗa ta da ruwan teku za ta gurɓata shi. A cikin wannan ruwayar ne kuma ya ce ba ya son ya kwaikwayi wani mutum ko da za a ba shi kaza da kaza. Mu ko kwabo ba a ba mu, mu ne ma muke sayen data da kuɗinmu domin mu yi.

Kada a fahimce ni da cewa ina yaƙi da raha. Annabi yana wasa da sahabbansa, sai dai ba ya faɗin komai sai gaskiya. Mu ma mun gaji wasan taubasai, da na jika da kaka, da tsokanar da ke tsakanin Fulani da Barebari ko Kanawa da Zage-zagi. Amma wasan taubashi gaba da gaba ake yin sa, wanda ka tsokana yana da bakin ramawa, kuma ku tashi kuna dariya tare. Dattijon da ke cikin sitikata ba ya cikin zauren, bai san ni ba, ba shi da hanyar ramawa, watakila ma 'ya'yansa ne suke cin karo da fuskar mahaifinsu a wayar abokansu.

Uzurin da aka fi kawowa shi ne, "Ai ba ni na ɗauka ba, turo mini aka yi." To, da masu turawa abin yake rayuwa. Manhajoji irin su TikTok suna ƙidaya wanda ya kalla har ƙarshe, da wanda ya maimaita, da wanda ya yaɗa, kuma da wannan lissafin suke yanke wa za a nuna wa a gaba, saboda haka kowane yatsa da ya taɓa yana da kaso a nisan da bidiyon ya yi. Su kansu masu WhatsApp sun ga ɓarnar turawa, shi ya sa a 2019 suka taƙaita ta zuwa wuri 5 a lokaci guda, a 2020 kuma suka mayar da saƙon da ya sha yawo zuwa wuri 1. Kuma abin da ya hau intanet ba ya sauka. A 2003 'yan makarantar su wani yaro a Kanada suka saki bidiyon da ya ɗauki kansa yana wasa da sanda kamar takobi. Miliyoyin mutane suka kalla, ya bar makarantar saboda tsangwama, har wasu suka riƙa rubuta masa ya kashe kansa. Sai bayan shekara 10 ya iya fitowa ya yi magana a kai, bidiyon kuma yana nan har yau.

Mun ga abin da ya faru a Kano a watan Nuwamba na 2022, lokacin da kotun majistare ta yanke wa wasu matasa biyu 'yan TikTok hukuncin bulala 20 kowannensu, da tara, da sharar harabar kotu ta kwana 30, saboda bidiyon da suka yi a kan gwamnan lokacin, Abdullahi Umar Ganduje. An yi ta muhawara a kan ko hukuncin ya dace, kuma ba ita ce a gabana ba. Abin lura shi ne mai mulki yana da inda zai kai ƙara. Mai shagon da ya ƙone ba shi da lauya, ba shi da ɗan sanda, shari'arsa tana jiran ranar da ba a biya da naira. Imamu Muslim ya ruwaito hadisin matsiyaci na haƙiƙa: zai zo da salla da azumi da zakka, amma ya zagi wannan, ya yi wa wancan ƙazafi, sai a yi ta ɗibar ladansa ana ba su, in ya ƙare a ɗebo zunubansu a jibga masa. Ka yi tunanin tahajjudin goman ƙarshe na Ramadan ya tafi ga mutumin da ko sunansa ba ka sani ba.

A daren da na ga bidiyon dattijon nan na buɗe ma'ajiyar sitikata na bi su ɗaya bayan ɗaya, duk wadda ban san yadda aka samo fuskar mai ita ba na goge ta. Gogewa ba ta dawo da waɗanda na riga na tura, kuma ban san garin da dattijon yake ba balle in nemi afuwarsa. Malamai irin su Ibnul Ƙayyim sun ce wanda ya ci naman ɗan'uwansa ya nema masa gafara, ya kuma ambace shi da alheri a wurin da ya ambace shi da sharri. Don haka na tura cikakken bidiyon a zaurukan da na saba jefa sitikar, na rubuta a ƙasa cewa wannan shi ne mutumin da muke yi wa dariya, a sa shi a addu'a Allah ya mayar masa da mafi alheri. Mutum biyu suka amsa da amin, sauran suka yi shiru, kuma tun daga ranar ban sake ganin fuskarsa a zauren ba.