Aikin lauya bai tsaya a kotu ba

Mutane da yawa a Kaduna suna ɗauka cewa ba a neman lauya sai sammaci ya iso gida ko 'yan sanda sun tsare wani, har akan yi wa mai zuwa ofishin lauya kallon mai son rigima. Wannan fahimta ba daidai ba ce, domin a Najeriya duk lauyan da aka shigar da sunansa a rajistar Kotun Ƙoli yana da izinin tsayawa gaban alƙali da kuma rubuta takardun yarjejeniya, kuma aikinsa da dama a kan tebur yake ƙarewa.

A ɗauki misalin sayen fili a Rigasa ko Kawo. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta damƙa filayen jiha a hannun gwamna, saboda haka sauya hannun filin da ke da takardar mallaka ba ya cika sai da amincewarsa. Lauya ne zai je hukumar KADGIS, mai kula da rajistar filaye a jihar Kaduna, ya bincika ko sunan mai sayarwa ne ke cikin fayil, ko kuwa an jinginar da filin a banki, abin da dillali da shaidu biyu ba za su iya tabbatarwa ba, komai amanarsu.

Ba lallai ne a ɗauko lauyan daga Abuja ba. Lauyan gari ya fi sanin ofisoshin jihar da kotunanta, har da na shari'ar Musulunci inda ake rabon gado, sai dai ya kamata a rubuta kuɗin aikinsa tun kafin ya fara.