Allurar Dupixent da yaranmu masu ƙaiƙayin fata

Wlh na ji daɗin wani labari da na gani na binciken maganin egzima, wato ciwon ƙaiƙayin fata, don ɗana tun yana wata 5 yake fama da ita, bayan gwiwa da cikin gwiwar hannu duk ya soshe har jini, in hunturu ya shigo kuwa ba mai barci a gidan. Allurar dupilumab (wato Dupixent) da labarin ya ambata tun 2017 hukumar kula da magunguna ta Amurka, FDA, ta amince da ita ga manya, a 2022 kuma aka sauko da ita har jariri ɗan wata 6, aikinta shi ne ta toshe wasu sinadaran garkuwar jiki, IL-4 da IL-13, masu hura wutar kumburin, to amma talaka a ina zai samu kuɗinta? Mu nan abin da ake yi sai a ruga kemis a sayo kirim mai siteroid (sinadarin rage kumburi) a yi ta shafa wa yaro wata da watanni, ni ma na yi wannan kuskuren har fatar wuyansa ta yi siriri, sai da likitar fata ta ce mu tsaya, mu koma man kaɗanya ko Vaseline da zarar an fito wanka da ruwa mai ɗumi kafin jiki ya bushe, a daina sabulu mai ƙamshi. Kuma don Allah masu binciken su riƙa saka baƙar fata a hotunansu, a jikinmu egzima ba ja take yi ba, duhu take yi ko toka-toka, shi ya sa wasu ke ɗauka makero ne ko ƙazuwa. Yanzu kuma asma ta fara wa ɗana, likitar ta ce sau da yawa tare suke tafiya da egzima, Allah ya ba yaranmu lafiya.