Gidan da ba a kunna komai ba ma yana da nasa hayaƙi

Maganar da na sha ji a bakin masu gini a nan Maradi, har ta fara damuna, ita ce gida ba ya fitar da iskar kabon sai an kunna na'urar sanyaya ɗaki ko janareta. Akwai gaskiya a ciki, don wutar NIGELEC da man janareta suna cikin lissafi. Amma lissafin bai tsaya nan ba.

Kafin a aza bulo na farko, siminti ya riga ya fitar da nasa. Ana gasa dutsen farar ƙasa ne a zafin da ya kai digiri 1450, kamar yadda ake yi a masana'antar siminti ta Malbaza, kuma dutsen da kansa yana sakin kabon, ban da makamashin da aka ƙona. Siminti kaɗai yana ɗauke da kusan kashi 7 zuwa 8 cikin 100 na kabon ɗin da duniya ke fitarwa. Ga rodi, ga kwano, ga motocin da suka ɗauko su.

Shi ya sa manhajojin lissafin gini, irin su EDGE ta hukumar IFC, wani reshe na Bankin Duniya, suke tambayar kayan bango da na rufi, su haɗa da wutar da gidan zai ci.

Ɗauki ɗaki biyu: ɗaya na bulo da kwano babu silin, ɗaya na tubalin ƙasa mai kauri. Na farko ya ci siminti tun wajen gini, kuma da rana a watan Afrilu ba ya zaunuwa sai da fanka. Na biyun, ka shiga da azahar ka dafa bangon ciki, za ka ji shi da sauran sanyi.