Hoton CT Don Tsakuwar Ƙoda: A Rage Awon Radiyeshan, Tsakuwar Za Ta Fito A Hoto

Idan aka kawo mutum yana murƙususu da ciwon kwiɓi, fitsarinsa da jini-jini, likita ya tura shi hoton CT don neman tsakuwar ƙoda, a ganina kamata ya yi takardar ta faɗa ƙarara: hoto mai ƙaramin awon radiyeshan, babu allurar rini (ruwan da ake zubawa a jijiya don gaɓoɓi su fito sosai a hoto). In aka rubuta "CT na ciki" kawai, mai na'ura na iya ɗaukar cikakken hoto, wani lokaci zagaye biyu ko uku, majinyaci ya sha radiyeshan da bai buƙata.

Da milisibat ake auna radiyeshan. Cikakken CT na ciki da mara yakan kai kusan 10. Mai ƙaramin awo yana tsayawa wajen 3 ko ƙasa da haka, wato kusa da 2.4 da ɗan Adam kan sha a shekara daga ƙasa da iska da sararin sama. Hoto ɗaya ba abin tayar da hankali ba ne. Amma tsakuwa mai dawowa ce, kusan rabin waɗanda suka yi ta sukan sake yi cikin shekara 10, kuma a ƙasar zafi irin tamu, inda gumi ke kwashe ruwan jiki, mutum ɗaya sai ya kwanta a na'urar sau da dama.

Dalilin da ragin bai ɓata aiki shi ne tsakuwa tana da tauri, tana fitowa fari fat a tsakiyar nama mai toka-toka. Ana rage ƙarfin wutar na'ura, a taƙaita hoton daga saman ƙoda zuwa ƙasan mafitsara, a wuce sau ɗaya. Hoton zai yi ɗan dishi-dishi, amma tsakuwar na nan. Wani nazari na 2008 da ya tattara bincike da dama ya nuna ana gano kusan 97 cikin 100. Har tsakuwar sinadarin yurik, wadda ba ta fitowa a eksire, tana fitowa a nan. Rini kuwa in ya sauko bututun fitsari shi ma fari yake, yana iya rufe abin da ake nema.

Akwai inda yake gazawa. Mai ƙiba, wanda awon BMI ɗinsa (lissafin nauyi da tsayi) ya haura 30, dishi-dishin kan yi yawa, gara a ƙara masa awo. Tsakuwar da ba ta kai milimita 3 ba tana iya ɓacewa, ko da yake irin wannan yawanci da kanta take fita. A mara akwai ƙananan dunƙule masu tauri cikin jijiyoyin jini da ke kama da tsakuwa, sai mai karanta hoto ya bi bututun daga ƙoda har ƙasa kafin ya yanke hukunci. Mu kuma muna da ƙarin rikici: tsohuwar tsargiya tana taurara bangon mafitsara da ƙarshen bututu, su ma su yi fari. In tsakuwa tana bakin mafitsara, a kwantar da majinyaci rub da ciki. Wadda ta riga ta faɗa ciki za ta gangaro gaba, wadda ta maƙale za ta tsaya wurinta.

Rahoton da ya ce "akwai tsakuwa" ya yi shiru bai gama aiki ba. A faɗi girmanta, da inda take, da taurinta, da ko ƙoda ta kumbura. Ƙasa da milimita 5 galibi takan fita, sama da 10 da wuya. Taurin da ya wuce 1000 a ma'aunin Hounsfield, wanda ake auna tauri da shi a hoton CT, yana nufin fasa ta da na'ura daga waje zai yi wahala.

Mai juna biyu da yara dai sikanin (hoton ultrasound, wanda babu radiyeshan a cikinsa) za a fara yi musu. Ko ga manya, gwajin da aka wallafa a 2014 kan mutum 2,759 a Amurka ya nuna farawa da sikanin maimakon CT bai ƙara haɗari ba. Wanda kuwa ciwon ya zo masa da zazzaɓi da rawar sanyi, ko fitsari ya ɗauke, ko ƙoda ɗaya gare shi, wannan ba a ba shi ranar dawowa hoto. A gan shi a yau, domin ƙodar da ta toshe kuma ta kamu da ƙwayar cuta buɗe mata hanya ake yi da gaggawa.